BABI NA BIYU: TARIHIN SHIRYA HOTUNAN DIJITAL DON BAJE SU A INTANET

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda aka faro shirya hotunan dijital domin baje su a zaurukan intanet, tun daga hoton farko da aka shigar cikin kwamfuta har zuwa zamanin wayar hannu. Abin da ake nufi da zauren intanet a nan shi ne duk wani shafi da aka jera hotuna a cikinsa don jama'a su kalla, ko na gidan tarihi ne, ko na mai sana'ar hoto, ko kuma na kamfani irin su Flickr da Instagram. Shirya hoto kuwa ya ƙunshi rage girmansa, da matse shi, da daidaita launinsa, da kuma yanke shawara a kan bayanan da za a bari a jikinsa.

Abin da babin zai yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa hoton da ake gani a intanet ba shi ne wanda kyamara ta ɗauka ba, ragowarsa ce bayan an zubar da mafi yawan abin da ke cikinsa. Kowace ƙa'ida da masu hoto suke bi wajen wannan zubarwa, wata matsala ce ta wani zamani ta haife ta. Wasu daga cikin matsalolin sun gushe amma ƙa'idojin suna nan, sa'an nan abin da aka riga aka zubar ba ya dawowa.

2.1 Shigar Hoto Cikin Kwamfuta

Kafin zuwan kwamfuta, hoto abu ne da ake wankewa daga fim a ɗaki mai duhu, a buga shi a kan takarda. Girmansa a bayyane yake, ana auna shi da inci, kuma duk wanda aka miƙa wa shi abu ɗaya zai gani da na kusa da shi. Hoton dijital ba haka yake ba. Shi tarin ɗigo-ɗigo ne da aka jera sahu-sahu, kowane ɗigo kuma lamba ce da ke faɗa wa na'ura irin hasken da za ta nuna a wannan gurbi. Wannan ɗigo shi ake kira fiksal, amma a cikin wannan aiki za a ci gaba da kiran sa ɗigo.

A shekarar 1957 ne Russell Kirsch, wani ma'aikaci a hukumar ma'aunai ta ƙasar Amurka, ya shigar da hoton jaririn ɗansa cikin kwamfutar SEAC. Hoton yana da ɗigo 176 a tsaye da 176 a kwance, watau 30,976 baki ɗaya, kuma ba shi da launi. A 1969 Willard Boyle da George Smith na Bell Labs suka ƙirƙiro na'urar CCD mai mayar da haske zuwa wutar lantarki, aikin da ya jawo musu kyautar Nobel a 2009. Da wannan na'ura Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar dijital a 1975. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, hotonta ɗigo 10,000 ne kacal, kuma tana cin daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kan kaset.

Akwai abin lura guda a nan. Na'urar da ke karɓar haske a cikin kyamara ba ta ganin launi. Bryce Bayer, shi ma na Kodak, ya samu haƙƙin ƙirƙira a 1976 a kan wata dabara ta ɗora wa kowane ɗigo mataci mai launi ɗaya: rabin ɗigogin kore, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Ke nan kowane ɗigo launi ɗaya yake gani daga cikin uku, sauran biyun kuwa kyamara ce ke lissafo su daga maƙwabtansa. Mafi yawan kyamarori da wayoyin yau a kan wannan tsari suke. Saboda haka tun kafin a je ga batun intanet, kashi biyu cikin uku na launin hoto ƙiyasi ne na na'ura.

2.2 Matsalar Nauyi da Samuwar GIF da JPEG

Babbar matsalar da ta fuskanci masu son aika hoto ta waya ita ce nauyi. Don a fahimci girman matsalar, ya kamata a yi ɗan lissafi. Fuskar kwamfuta ta farkon shekarun 1990 tana ɗaukar ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye, watau 307,200. Kowane ɗigo mai cikakken launi yana bukatar bayit uku, ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi. Ke nan hoton da zai cika fuskar ya kai bayit 921,600. A wancan lokaci da layin tarho na gida ake shiga intanet, ta hanyar modem. Mai modem da ke jan bit 28,800 a daƙiƙa zai jira daƙiƙa 256, fiye da minti huɗu ke nan, kafin wannan hoto ɗaya ya gama sauka. Mai na 14,400 kuwa sai ya jira minti takwas da rabi. A ƙasashe da yawa kuma kuɗin tarho da minti ake biya.

Amsa ta farko da ta karɓu ita ce GIF, wadda kamfanin CompuServe ya fitar a 1987 a ƙarƙashin jagorancin Steve Wilhite. Dabararta ita ce a taƙaita launukan hoto zuwa 256 ko ƙasa da haka, sa'an nan a gajarta rubuta duk wani jerin ɗigo da ya maimaita kansa. Wannan ya dace da tambari da taswira da zane mai launuka kaɗan. Amma hoton fuskar mutum ko na faɗuwar rana yana da dubban launuka da ke narkewa cikin juna, idan aka tilasta shi cikin 256 sai ya fito da dabbare-dabbare. Daɗin daɗawa, a ƙarshen 1994 aka sanar cewa masu yin manhajar GIF za su riƙa biyan kamfanin Unisys, wanda ke da haƙƙin dabarar matsewar da ke cikinta. Fushin da wannan ya jawo shi ya haifar da PNG a 1996. PNG ba ta zubar da komai daga hoto, amma saboda haka ne ma ta yi wa hoton kyamara nauyi.

Tsarin da ya warware matsalar shi ne JPEG, kuma ya kamata a ɗan tsaya a kansa domin har yau shi ne ya fi yawa a intanet. Sunan haruffan farko ne na sunan kwamitin ƙwararru da aka kafa a 1986, wanda ya kammala ƙa'idarsa a 1992. Tushen lissafinsa kuwa ya girmi kwamitin. Nasir Ahmed, ɗan asalin Indiya mai koyarwa a Jami'ar Jihar Kansas, shi ya kawo tunanin a 1972, suka buga shi a watan Janairu na 1974 tare da T. Natarajan da K. R. Rao.

JPEG ta dogara ne a kan raunin idon ɗan Adam. Ido ya fi kula da bambancin haske da duhu fiye da bambancin launi, kuma ya fi kula da manyan siffofi fiye da ƙananan zane-zane. Don haka mataki na farko shi ne a raba hoto gida biyu, haske daban, launi daban. Haske ana barin sa ga kowane ɗigo, amma launi a mafi yawan lokaci ana haɗa ɗigo huɗu ne a ba su guda ɗaya. Da wannan kaɗai, lambobi goma sha biyu na ɗigo huɗu sun koma shida, rabin nauyi ya tafi. Mataki na biyu shi ne a yanka hoton zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo takwas-takwas, watau 64 a kowane murabba'i, a yi amfani da lissafin Nasir Ahmed a ware abin da ke canzawa a hankali daga abin da ke canzawa da sauri. Mataki na uku shi ne zubarwa: ana taƙaita lambobin ƙananan zane-zanen, da yawansu su koma sifili. Ma'aunin inganci da ake gani a manhajojin gyaran hoto, daga 1 zuwa 100, yawan wannan zubarwa yake sarrafawa.

Da wannan hanya ana iya rage hoto zuwa kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ba tare da mai kallo ya lura ba. Hoton da ke cin daƙiƙa 256 ya koma kimanin 26. A ganin mai wannan bincike, wannan bambanci shi ne ya sa baje kolin hotuna a intanet ya zama abu mai yiwuwa tun a shekarun 1990, ba sai an jira layuka masu sauri ba.

Sai dai fa akwai farashi. Idan aka matse da yawa, murabba'an suna fitowa fili, musamman a sararin sama ko a bango, kuma gefen rubutu yana yin ƙura-ƙura. Haka kuma duk lokacin da aka buɗe hoto aka gyara shi, ko aka canza girmansa, aka sake adana shi a JPEG, ana sake yin wata zubarwar a kan ta farko. Wanda ya taɓa kwafar kaset daga kaset ya san yadda murya take dusashewa daga kwafi zuwa kwafi. Daga nan ne ƙa'idar farko ta masu hoto ta samo asali, cewa a ajiye uwar hoto a gefe ba a taɓa ta, duk kwafin da za a ɗora a intanet daga gare ta za a ciro shi, kuma matsewa ita ce aiki na ƙarshe.

2.3 Zaurukan Farko

Ɗaya daga cikin hotunan farko da aka ɗora a yanar gizo shi ne na wasu mata huɗu mawaƙa masu suna Les Horribles Cernettes, a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, a 1992. Silvano de Gennaro ne ya ɗauka, ya gyara shi da Photoshop, manhajar da 'yan'uwa biyu Thomas da John Knoll suka rubuta, wadda ta fito kasuwa a 1990, sa'an nan ya adana shi a GIF. Watau tun daga wannan hoto an riga an bi matakan nan: ɗauka, gyara, ragewa, matsewa.

A watan Fabrairu na 1993 Marc Andreessen ya ba da shawarar alamar da ke sa hoto ya zauna a cikin shafi tare da rubutu, aka kuma sa ta a burauzar Mosaic ta Jami'ar Illinois. Mosaic tana nuna GIF a cikin shafi, amma JPEG sai an buɗe ta da wata manhajar daban. Netscape, wadda ta fito a 1994, ita ta yaɗa nuna JPEG kai tsaye. Wannan ya taimaka wajen kafa siffar da zauren hotuna yake da ita har yau: shafin farko cike da 'yan ƙananan hotuna na leƙe, wanda ya ga abin da yake so ya danna, babban ya buɗe. Ba don ado aka yi haka ba, don kada a tilasta wa baƙo jiran hoton da bai nema ba ne. Wata dabarar ta lokacin ita ce hoto ya fara bayyana a dushe gaba ɗayansa, ya riƙa washewa a hankali, don mai kallo ya yanke shawara ko zai jira ko zai wuce.

A 1993 Philip Greenspun na jami'ar MIT ya buɗe photo.net. A 1994 kuma wani ɗalibi a Faris, Nicolas Pioch, ya buɗe WebLouvre, inda ya jera hotunan shahararrun zane-zane. Hukumar gidan tarihi na Louvre ta ƙi yarda da amfani da sunanta, sai ya mayar da shi WebMuseum. Saboda jinkirin layukan da ke tsakanin nahiyoyi, sai da aka yi kwafin shafin a kan kwamfutoci a ƙasashe daban-daban, kowa ya shiga wanda ya fi kusa da shi.

Mafi yawan hotunan wannan zamani a fim aka ɗauke su. Kyamarar Apple QuickTake 100 ta 1994 hotuna takwas kawai take riƙewa masu girman 640 da 480. Don haka masu sana'a sukan kai fim ɗinsu a shigar musu da shi cikin faifan Photo CD na Kodak, wanda ya fito a 1992. Faifan yana adana kowane hoto a girma biyar, daga 128 da 192 har zuwa 2,048 da 3,072. Faifan bai daɗe a kasuwa ba, amma tunaninsa na ajiye hoto ɗaya a girma iri-iri shi ne abin da kowane babban shafi yake yi a yau.

Shi kansa ɗan ƙaramin hoton leƙe sai da ya je gaban alƙali. Wani mai hoto, Leslie Kelly, ya kai ƙarar kamfanin Arriba Soft saboda injin bincikensa yana nuna ƙananan kwafin hotunansa. A 2003 wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta tabbatar cewa yin haka bai keta haƙƙin mallaka ba, kuma daga cikin dalilanta akwai cewa ƙaramin kwafi idan aka buɗa shi dushewa yake, ba zai maye gurbin na asali ba. Ashe ke nan rage hoto ya zama kariya ma. Masu sana'a da yawa da gangan suke ɗora ƙaramin kwafi mai tambari, su riƙe babban don mai saye.

2.4 Launi da Batun Lamba 72

Matsala ta biyu bayan nauyi ita ce mai hoto ba shi da iko a kan fuskar da za a kalli aikinsa. A tsakiyar shekarun 1990 kwamfutoci da yawa launi 256 kawai suke iya nunawa a lokaci guda, kuma na Macintosh da na Windows ba su yi tarayya a kan dukkansu ba. Daga nan aka samu jerin launuka 216 da ake ganin ba sa canzawa, watau matakai shida na ja, shida na kore, shida na shuɗi. Wannan jeri ya daina amfani da zarar fuskoki masu miliyoyin launi suka yawaita.

Wadda ta fi daɗewa ita ce matsalar ma'aunin haske da ake kira gama. Macintosh tana kan 1.8, Windows kuma tana kan 2.2. Hoton da aka daidaita a Macintosh, wadda mafi yawan masu zane suke aiki da ita, idan aka buɗe shi a Windows sai ya yi duhu. Apple bai koma 2.2 ba sai a 2009. Abin da ya fi cutuwa da wannan shi ne sassan hoto masu duhu, kuma a nan fuskar baƙar fata take. Wannan ba sabon abu ba ne a sana'ar: katin da Kodak ya daɗe yana ba masu wanke hoto don daidaita launi, wanda ake kira katin Shirley, hoton farar mace ne, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata uku masu launin fata daban-daban.

A 1996 kamfanonin Hewlett-Packard da Microsoft suka gabatar da ma'aunin launi na sRGB, wanda ya zama ƙa'idar duniya a 1999. An gina shi ne a kan abin da talabijin ɗin kwamfuta mai ƙeya na wancan lokaci yake iya nunawa. Adobe RGB na 1998 ya fi shi faɗi, musamman ta wajen kore, amma burauzar da ba ta karanta bayanin launi takan nuna hotonsa a koɗe. Shi ya sa aka ce a mayar da hoto sRGB kafin a ɗora. Har yanzu hoton da ba shi da bayanin launi a jikinsa a matsayin sRGB ake ɗaukar sa, ko da yake wayoyi irin su iPhone 7 ta 2016 da waɗanda suka biyo baya suna nuna launuka fiye da haka.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ake yawan maimaitawa, wai hoton intanet dole ya kasance ɗigo 72 a kowane inci. Asalinta fuskar Macintosh ta 1984 ce, wadda aka yi ta a kan 72 don ta yi daidai da ma'aunin masu ɗab'i. A gaskiya burauza ba ta aiki da wannan lamba wajen nuna hoto, yawan ɗigoginsa take dubawa. Hoto mai ɗigo 1,000 a kwance nauyinsa da kamanninsa ɗaya ne ko an rubuta masa 72 ko 300, bambancin sai a wajen bugawa a takarda. IPhone 4 ta 2010 ma ɗigo 326 take da shi a inci. Duk da haka har gobe ana samun masu shirya gasar hoto suna sa wannan sharaɗi.

2.5 Kamfanoni Sun Karɓe Aikin

A 1999 Photoshop ya ƙara wani sashe na musamman don adana hoto saboda intanet, inda mai hoto yake ganin na asali da matsattsen kwafi gefe da gefe, tare da daƙiƙoƙin da zai ci a modem. Har zuwa wannan lokaci shawara a hannun mai hoto take. Abin ya sauya da zuwan Flickr a 2004, wanda Stewart Butterfield da Caterina Fake suka kafa a Kanada, da kuma sashen hotuna na Facebook a 2005. Yanzu mutum ɗorawa kawai yake yi, kamfani ya rage, ya matse, ya yanke girman da ya ga dama.

Facebook ya daɗe yana rage hotuna zuwa ɗigo 604 a gefe mafi tsawo. A 2010 ne ya ɗaga zuwa 720, kafin shekarar ta ƙare kuma ya yarda da 2,048. Instagram ya fara a 2010 da hoto mai kusurwa huɗu daidai, 612 da 612, bai kai 1,080 ba sai a 2015, a shekarar ce kuma ya yarda da hoton da ba murabba'i ba. Duk wanda ya ɗora hoton biki ko na suna a Facebook a 2008, ya goge na cikin kyamararsa yana ganin ya adana, abin da ya rage masa shi ne ɗigo 604, ƙasa da fuskar kwamfutar farkon shekarun 1990.

Ba ɗigo kaɗai ake zubarwa ba. Tun 1995 masana'antun Japan suka fitar da ƙa'idar Exif, wadda ke sa kyamara ta rubuta a cikin fayil ɗin hoto ranar ɗauka, da irin kyamarar, daga baya har da wurin da aka tsaya. Hatsarin wannan ya fito fili a watan Disamba na 2012, lokacin da mujallar Vice ta ɗora hoton John McAfee, wanda 'yan sandan Belize suke nema, bayanan da ke jikin hoton suka nuna yana Guwatamala. Kamfanoni da yawa suna goge mafi yawan waɗannan bayanai daga kwafin da suke nuna wa jama'a. Ta fuskar tsaro wannan daidai ne. Amma ta fuskar tarihi asara ce, domin ranar ɗauka tana tafiya, a wasu shafukan har da sunan mai hoton.

Su kansu zaurukan ba masu dawwama ba ne. Yahoo ya rufe GeoCities na Amurka a 2009. A 2017 Photobucket ya nemi dala 399 a shekara daga masu son hotunansu su ci gaba da bayyana a wasu shafuka, ɗimbin shafuka suka wayi gari babu hotunansu. Flickr, bayan SmugMug ya saye shi a 2018, ya taƙaita masu asusun kyauta ga hotuna 1,000. A 2019 kuma MySpace ya sanar cewa tsofaffin hotuna da waƙoƙin jama'a sun salwanta a wajen sauya rumbun ajiya.

2.6 Gidajen Tarihi da Rubutun Hannu

Gidajen tarihi sun daɗe suna tsoron sakin manyan kwafi, don kada cinikin katuna da littattafansu ya faɗi. Abin da ya faru da Rijksmuseum na Amstadam ya sauya wannan tunani. Gidan ya gano cewa akwai kwafi fiye da 10,000 a intanet na zanen Vermeer na mace mai zuba madara, mafi yawansu marasa inganci, sun rine sun koma ruwan ɗorawa. Har ta kai baƙi ba sa yarda cewa katunan da ke kantin gidan su ne masu launin gaskiya. Ƙin sakin kwafi mai kyau bai hana yaɗuwar zanen ba, ya dai bar wa gurɓataccen kwafi fili ne. A 2012 gidan ya saki hotunan kayansa 125,000 masu inganci kyauta. Shekara guda kafin nan Google ya buɗe shirinsa na zane-zane da gidajen tarihi 17. A watan Janairu na 2022 Rijksmuseum ya baje hoton shahararren zanen Rembrandt na masu sintirin dare mai ɗigo biliyan 717. Ba wanda yake sauke wannan hoto gaba ɗaya. An yanka shi gutsi-gutsi a girma daban-daban, burauza tana jawo gutsuren da mai kallo ya matso kansa kawai.

Ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce kwafi biyu: uwa a tsarin TIFF, wanda kamfanin Aldus ya fitar a 1986, ba tare da zubar da komai ba, sai kuma ƙaramin kwafi na kallo. A kan wannan ƙa'ida shirin ceto takardun da ke cikin hatsari na Laburaren Birtaniya, wanda aka fara a 2004, yake aiki, kuma daga cikin ayyukansa akwai ɗaukar hoton takardun da ke Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna.

A nan ne batun ya shafi mai nazarin Hausa kai tsaye. A Alƙur'anan da ake rubutawa da hannu a ƙasar Hausa da Barno, ana yin baƙi da baƙar tawada, wasulla kuma da ja, akwai kuma takardun ajami da aka bi wannan salo. An riga an nuna a 2.2 cewa launi shi ne abu na farko da JPEG take ragewa. A ɗauki takarda mai tsawon santimita 20 da faɗin 15. Idan aka ɗauke ta a kan ɗigo 300 a inci, za ta ba da kimanin ɗigo 2,360 da 1,770, nauyinta a TIFF ya haura megabayit 12. Wasali mai kaurin rabin milimita zai samu ɗigo shida. Idan aka rage takardar zuwa 604, wasalin ya koma ɗigo ɗaya da rabi, launinsa kuma, da yake ɗigo huɗu ne suke raba launi ɗaya, sai ya gauraya da na takarda. Tsohuwar takarda da ta yi ja-ja-ja da ma ba ta yi nisa da launin jar tawada ba. Baƙin zai fito a karanta, wasalin kuwa ya zama inuwa.

A rubutun Larabci mai ilimi yana iya karanta jimla ba wasali. A ajamin Hausa abin ya fi wuya, domin kalmomi irin su gida da gada da guda baƙaƙensu ɗaya ne, wasalin farko kaɗai ya raba su. Hoton takarda da aka ɗauka da waya aka aika ta WhatsApp ana rage shi ana matse shi, sai fa idan an aika shi a matsayin fayil. Ko zaɓin inganci da kamfanin ya ƙara a 2023 bai hana matsewa gaba ɗaya ba. Ɗalibin da irin wannan kwafi ya zo hannunsa, idan ya ci karo da kalmar da wasalinta ya dushe, dole ya nemi wanda ya ɗauki hoton ko uwar tana nan a wayarsa, in kuwa babu, sai ya koma wurin mai takardar.